Ƙadangaruwata ta zuba ƙwai, ya zan gane mai ɗa da baragurbi?

Ɗan Malali:
Slm jama'ar gida, barkanmu da war haka. Don Allah masu kiwo ina neman shawara da gaggawa. Ina da ƙadangaren nan na Ostiraliya mai gemu, mace ce, na saye ta wajen wani a Abuja farkon shekarar nan. Kwanan nan ta rage cin abinci sai tone-tone take ta yi a kusurwar keji, na zuba mata yashi mai ɗan danshi a roba, to yau da asuba na duba na tarar ta zuba ƙwai 19 ta binne abinta. Abin da ya ɗaure min kai ni ba ni da namiji, ita kaɗai ce, amma wanda ya sayar min ya ce a wajensa keji ɗaya suke da namiji. Yawancin ƙwan farare ne tas kuma a cike, guda huɗu kuma sun yi ɗorawa-ɗorawa sun fi ƙanƙanta. Ya zan gane masu ɗa, sannan ina zan ajiye su da wannan zafin da ake zubawa a Kaduna?

Mai Kaji Mando:
Wslm. Masha Allah. Kawo su Mando kawai ɗan'uwa, ina da inkubeta, wato na'urar ƙyanƙyasar ƙwan kaji, a kan sola ba ruwanta da ɗauke wuta, zafinta digiri 37.5 ba ya motsi kuma da kanta take juya ƙwai. Bayan sati mu haska mu fitar da baragurbin. Kyauta zan sa maka, ni ma ina son in ga abin.

Malama Mai Bayoloji:
A'a Alhaji don Allah kar a yi haka, niyyarka mai kyau ce amma inkubetar kaji za ta kashe su duka. Abu biyun da ka lissafa a matsayin amfaninta su ne ainihin illar. Kaza tana kwanci ne da zafin jikinta shi ya sa ƙwanta ke son 37.5, ƙadangare kuwa rami take tonawa ta binne ta yi tafiyarta, zafin cikin ƙasa ne ke ƙyanƙyashe su, wannan irin mai gemun wajen digiri 29 yake so, tsakanin 28 da 30 dai. Sai juyawa. Ƙwan kaza akwai wasu zare guda biyu a ciki da ke riƙe gwaiduwa a tsakiya ko ta ina aka juya shi, ƙwan ƙadangare ba shi da su. Ɗan yana zama ne ta saman ƙwan ya manne a wurin, in ka kifa shi gwaiduwa ta danne shi shi ke nan. Ɗan Malali tun yanzu nemi fensir ka ɗan ɗiga alama a saman kowanne yadda ka same shi, in za ka ɗauka ka ɗauka a haka ka ajiye a haka.

Mai Kaji Mando:
Ikon Allah. Wato babu juyi ko sau ɗaya har a ƙyanƙyashe? Mu ai sai kwana 18 muke tsayar da juyi, kwana 21 tsako ya fito.

Malama Mai Bayoloji:
Ko sau ɗaya Alhaji. Kuma ba kwana 21 ba ne, wajen wata biyu za a yi, galibi kwana 55 zuwa 75, ya danganta da zafi.

Ɗan Malali:
Na gode Malama, na sa alamar yanzun nan. Alhaji na gode da karamci wlh. To batun ɗa fa? anya mace za ta yi wata da watanni ba namiji kuma a samu ɗa?

Yaya Barnawa:
Za a iya samu sosai. Ni ina kiwon su kuma na ƙyanƙyashe a gida. Macen tana ajiye ruwan namiji a jikinta, barbara ɗaya sai ta yi zubi biyu ko uku da shi a shekarar. Haka kuma macen da ba ta taɓa ganin namiji ba ita ma tana zuba ƙwai, sai dai fanko. To taka tana tsakiya, sai an haska za a sani. Ka bari sai dare ka kashe fitila ka ja labule, ka kunna tocilar waya ka kara ta a gefen ƙwan, ba sai ka ɗaga shi ba ma, a inda yake kwance za ka kara. Mai ɗa cikinsa zai yi haske ja-ja, kuma ta sama za ka ga wani ɗan jan zobe da ɗigo a tsakiya, in an ƙara kwanaki sai jijiyoyi siri-siri su fara bazuwa daga wurin. Wanda ba ɗa ɗorawa zalla za ka gani ko'ina iri ɗaya ba ɗigo ba jijiya. Kar ka daɗe da tocilar a jikinsa kuma kar ka mayar da shi aikin kullum, sau ɗaya a sati ya isa.

Malama Mai Bayoloji:
Haka ne Yaya. Dalilin da ya sa ake ganin zoben da wuri shi ne ƙadangare ba ta zubawa sai ɗan ya riga ya fara girma a cikinta, ba kamar kaza ba da sai an fara kwanci ake ganin jini.

Baba Tudun Wada:
Mu dai a da ruwa ake zubawa a ƙwarya a saka ƙwai, wanda ya taso sama baragurbi ne wanda ya nutse mai kyau ne. Ba sai da tocila ba.

Yaya Barnawa:
Baba Allah ya ƙara girma, wannan na ƙwan kaza da zabo ne masu ɓawo mai tauri. Na ƙadangare ɓawonsa fata-fata ne, in ka ɗan taɓa za ka ji yana lotsawa, kuma ta jikin ɓawon yake shan ruwa yake numfashi. In aka jefa shi a ruwa zai mirgina, ga shi ya kifu ga ruwa ya toshe shi, an yi asara biyu.

Baba Tudun Wada:
To madalla. Amma ni tambayata ɗaya, ba an ce a kashe tsaka ba? ya kuma ake kiwon su har ana ƙyanƙyasa?

Ustaz Kawo:
Baba hadisin da ya zo a kan tsaka ne, yana cikin Sahihu Muslim, wannan kuma da ake magana ba tsaka ba ce, dangin ƙadangaren gida ne irin su jan gwada. Hukuncin kiwonsa dalla-dalla a tambayi malamai su ne masu fatawa. Abin da ba a saɓani a kai shi ne duk dabbar da ka tsare haƙƙinta na wuyanka, mun san hadisin matar da ta ɗaure kyanwa ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Don haka ni abin da zan ce wa ɗan'uwa, wannan uwar da ta zuba ƙwai 19 ita ce farkon abin dubawa kafin ƙwan.

Yaya Barnawa:
Wlh Ustaz ka taɓo inda ake mantawa. Za ka ga ta rame cikinta ya zube fatar ta yi yaushi. Ba ta ruwa, ba ta gyare da fara da ganye, ka riƙa barbaɗa musu garin kalsiyam don ɓawon nan duk daga jikinta ya fita, kuma ta sha rana da safe don ba rana kalsiyam ɗin ba ya shiga jiki yadda ya kamata. Farar da aka kamo daga gonar da aka yi feshi kar ka ba ta. Kuma kar ka ɗauke robar yashin, tana iya sake zubi bayan 'yan makonni. In ka ga tana ta tono ba ta zuba ba, ciki a kumbure ta yi laƙwas ba ta ɗaga kai, to ƙwai ne ya maƙale, likitan dabbobi kai tsaye ba jira.

Ɗan Malali:
In sha Allah. Ta sha ruwa sosai ɗazu har ta ci gyare. Yanzu wurin ajiyewa ne damuwata, ɗakina rufin kwano ne ba silin mai kauri, da azahar ma'aunin zafi na nuna 35 har 36.

Injiniya Rigasa:
To ka ga a nan ne bidiyoyin Turawa za su ɓatar da kai. Su sanyi ne matsalarsu shi ya sa duk maganarsu hita da waya mai ɗumama akwati. Mu a Kaduna watan Maris da Afrilu aikinka sanyaya ƙwan ne ba ɗumamawa ba. Nemi kula irin ta ƙanƙara mai kauri, ka jera gorunan ruwa a ƙasanta, ruwan randa ba na firij ba, ka ɗora robar ƙwan a kai ka rufe. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi ba ya saurin saki, to zafin rana da sanyin asuba duk sai su daidaita a ciki. Ka ajiye kular a ƙasan siminti a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da bangon da rana ke duka da yamma. Ma'aunin zafin a cikin robar ƙwan zai zauna, ba a bangon ɗaki ba.

Hajiya Unguwar Rimi:
Ni kam da tukunya cikin tukunya zan yi. Babbar tukunyar ƙasa a sa ƙarama a ciki, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ita ce dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana tumatir da kayan miya har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ba wuta ba batir.

Injiniya Rigasa:
Hajiya dabara ce mai kyau kuma a wannan busasshen lokacin tana aiki sosai, tsorona ɗaya tana iya sauka ƙasa da abin da ake so musamman da asuba, kuma in yashin ya bushe aka manta sai zafi ya yi tsalle. Hawa da saukar nan ƙwai ba ya so. In zai yi ta to ya gwada ta ba ƙwai a ciki ya duba ma'auni da asuba da azahar da dare tukuna. Sannan a tuna wata biyu za a yi, kafin su fito damina ta sauka, iska ta yi laima tukunyar ta rage sanyaya, garin ma ya yi sanyi da kansa. Abin da ya yi daidai yau ba lallai ya yi daidai ƙarshen Mayu ba, sai ana dubawa.

Hajiya Unguwar Rimi:
Gaskiya ne. Ya haɗa biyun mana, kula da daddare tukunya da rana.

Yaya Barnawa:
A'a Hajiya yawan ɗauka da ajiyewa shi ne ake gudu. Ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. Ni kula nake amfani da ita, in zafi ya yi tsanani sai in canja gora ɗaya da mai ɗan sanyi da azahar, kuma ba ta taɓa robar ƙwan.

Ɗan Malali:
Kula zan yi tunda ina da ita. In zafin ya ɗan haura 30 fa na 'yan awanni, sun mutu ke nan?

Malama Mai Bayoloji:
Ba su mutu ba, 31 ko 32 na ɗan lokaci za su jure. Wanda ke kisa shi ne su yini a sama da 36 kullum. Amma akwai wani abin mamaki a nan da nake gaya wa ɗalibaina. A wannan irin mai gemun in zafi ya zarce 32 ya daɗe, waɗanda asalinsu maza ne sai su fito mata, har su girma su yi ƙwai. Kuma farkon wanda ya gano cewa zafin ƙwai na iya yanke mace ko namiji wata Bafaransiya ce Madeleine Charnier a jami'ar Dakar a 1966, kuma a kan wa ta gano? a kan ƙadangaren nan namu na kan katanga, jan gwada da matarsa. Abin da yara ke jifa da dutse kullum shi ne ya buɗe wa duniya wannan ilimin, ni abin yana burge ni har yanzu.

Mai Kaji Mando:
Allahu Akbar. Da kaji haka suke da na huta da zakaru.

Yaya Barnawa:
Sai shimfiɗar da za su kwanta a kai. Masu kiwo a waje bamikulait suke sawa, wani abu ne mara nauyi mai ƙyalli da masu renon furanni ke amfani da shi, ana auna nauyinsa a zuba ruwa daidai nauyin. Tambayi masu furanni na bakin titi ko a dace. In babu to yashin rafi mai tsafta, ka wanke ka soya shi a tukunya ya huce don kashe ƙwari da fumfuna, sai ka yayyafa ruwa. Gwajinsa ka damƙa a hannu, ya dunƙule amma ko ɗigo ɗaya kar ya fito. In ruwa ya ɗiga ya yi yawa. Dusar katako kar ka sa, fumfuna take kawowa. Ka danna da babban yatsa ka yi ɗan gurbi, ƙwai ya shiga rabi rabinsa a waje, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa faɗin yatsa. Murfin robar ka huda ƙanana biyu ko uku, bayan kwana biyu-uku ka buɗe iska ta shiga, in ka ga raɓa ta taru a murfi goge ta kar ta ɗiga musu. In yashi ya bushe a gefen roba za ka ƙara ruwa ba a kan ƙwai ba. Sannan kiyashi. Wlh kiyashi sun fi zafi ɓarna a wajenmu, dare ɗaya za su huda ƙwai, maimakon ƙasan siminti ka ɗora kular a kan benci ka sa ƙafafun bencin cikin gwangwanaye masu ruwa.

Ɗan Malali:
To huɗun nan masu ɗorawa in zubar?

Yaya Barnawa:
Kar ka zubar. Ware su a wata roba daban ka ajiye tare. Na sha ganin ƙwai mummuna da ba wanda zai ce zai yi ya fito da ɗa lafiyayye, haka kuma fari tas mai kyau ya tashi fanko. Baragurbi shi zai tona kansa, zai loɓa ya yi yauƙi ya yi fumfuna ya fara wari. Wanda bai yi wari ba bai ruɓe ba a bar shi, haƙurin damo ake yi da su.

Anti Nas Kabala:
Ni ba ta ƙwan nake ba ta yaran gida nake. Ƙadangaru suna ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsu ko da lafiyarsu ƙalau, tana sa gudawa da zazzaɓi kuma ta fi kama ƙananan yara. Duk wanda ya taɓa uwar ko yashin ko ƙwan ya wanke hannu da sabulu, kuma kular nan ta tashi daga ta zoɓo da kunun aya har abada don Allah.

Ɗan Malali:
Jama'a barkanmu, an kwana biyu, na dawo da bayani. Kular tana tsayawa tsakanin 29 da 30. Na haska jiya da daddare, 13 jijiyoyi sun fito raɗau, ɗaya ma na ga wani ɗan baƙin ɗigo a ciki. Huɗun can uku sun yi fumfuna da wari na fitar, na huɗun yana nan ba wari ba komai. Sauran biyu farare ne amma ban ga ja ba ban ga ɗorawa sosai ba. Sai kuma ɗaya cikin masu jijiyar ya ɗan loɓa ta gefe, hankalina ya tashi.

Mai Kaji Mando:
Masha Allah 13 cikin 19 ai an yi kasuwa. Wanda ya loɓa kam ina ga ya tafi.

Yaya Barnawa:
Bai tafi ba Alhaji. Loɓawa da wuri haka ƙishirwa ce, danshi ya yi ƙasa. Ƙara ruwa kaɗan a gefen robar, ka ɗora masa 'yar jiƙaƙƙiyar auduga da aka matse sosai, sau da yawa cikin kwana biyu yake sake cikowa. Ƙwai mai rai kumbura yake yi yana ƙara girma saboda ruwan da yake sha, nan gaba in ka gwada da hoton ranar farko za ka sha mamaki. Loɓawar da ba ta da matsala ita ce ta ƙarshe, in lokaci ya yi za ka ga ƙwan ya yi gumi ɗigo-ɗigo ya saki jiki, sai ɗan ya tsaga ɓawon da wani ɗan haƙori da ke bakin hancinsa ya leƙo da kai ya tsaya. Zai iya yini har ya kwana a haka ido a rufe, kar ka ja shi kar ka ɓare masa, sauran gwaiduwa yake shanyewa ta cibiya. Kuma ba rana ɗaya za su fito duka ba, kwana biyu-uku ake yi ana fitowa. Biyun da ba ka gane ba ka bar su sati mai zuwa ka sake haskawa.

Ustaz Kawo:
Ɗan'uwa tambaya ta gaskiya, baki 13 ka shirya musu? Ina za ka kai su?

Yaya Barnawa:
Tambayar da ya kamata ke nan. Jariran sun fi uwar ci nesa ba kusa ba, ƙananan ƙwari sau biyu sau uku a rana, kuma ƙwaron kar ya wuce faɗin tsakanin idanunsu. In yunwa ta kama su ko wuri ya yi musu kaɗan wutsiya da yatsun juna suke ciza, dole a raba su kaɗan-kaɗan manya daban ƙanana daban. Kar a haɗa su da uwar, cinye su za ta yi. Sakinsu a gari kuma ba zai yiwu ba, ba 'yan ƙasar nan ba ne. Tun yanzu ka fara kiwon gyare a bokiti ka kuma nemi masu karɓa waɗanda ka san za su riƙe amana. Zubi na gaba in ka ga ba za ka iya ba, gara ka sa ƙwan a firiza tun ranar farko da a ƙyanƙyashe a bar su da yunwa.

Ɗan Malali:
Na fara haɗa bokitin gyare, kuma mutum uku sun yi magana. Yaya in kana da wuri zan so ka karɓi wasu don na san hannunka.

Yaya Barnawa:
Zan karɓi huɗu in Allah ya fito da su lafiya, amma sai sun yi saɓar farko sun fara ci sosai.

Magini Badarawa:
Afuwan na shigo a makare. Yau muna tonon fandisho muka tono wasu ƙananan ƙwai farare guda shida masu laushi a cikin ƙasa, yaran aiki suka ce na maciji ne za su fasa na hana. Na ƙadangare ne? in mayar?

Malama Mai Bayoloji:
Yawansu da lokacin sun yi kama da na ƙadangaren gida, farkon damina suke tona rami su zuba biyar zuwa bakwai, amma ba zan yanke ba sai ka turo hoto da yatsanka a gefe mu ga girmansu, na maciji ma laushi gare shi kuma sau da yawa a manne suke da juna. Kafin nan kar a juya su, nemi wuri mai ɗan danshi a gefen fili inda ba za a taka ba kuma ruwa ba ya kwanciya, ka tona zurfin da ka same su ka jera yadda suke ka rufe da ƙasar wurin ba tare da dannawa ba.

Magini Badarawa:
To Malama, bari in koma wajen aikin in ɗauko hoton kafin magariba.